Abin da Ya Sa Na Dawo Daga Lisbon

Ishaku da Hannatu, akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a tsakaninku, wani lokacin har a gabana da sunan wasa, wai uwarku ta taɓa sa ƙafa a Turai da biza a hannunta, amma ta juyo ta koma wankin tsohuwa a Dubai. Kun ji labarin a bakin Saratu, kun ji wani gefen a bakin Baba Yakubu, ƙanin mahaifinku, amma ba ku taɓa ji daga gare ni ba. A lokacin ban san yadda zan faɗa ba, daga baya kuma na ga kamar babu amfanin tayar da shi. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni a nan Bukuru, ba abin da nake yi sai korar kaji da jiran jikoki, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance. Ba cewa nake ku ce na yi daidai ba. So nake ku san abin da na gani.

A shekarar da nake magana, na riga na kwana biyu a Dubai. Mahaifinku ya rasu, kuna wurin yayata Inna Laraba. Kai Ishaku ka gama sakandare kana zaman gida, ke Hannatu kina tsakiyar makaranta. Ni kuma ina unguwar Karama, a wani tsohon bene mai ƙanshin kori da sabulun wanki, ina kula da Mama Filomena. 'Yar Goa ce, wani yanki na bakin teku a Indiya da Turawan Fotugal suka taɓa mulka, shi ya sa sunayensu suka bambanta da na sauran Indiyawan da kuka sani. Mijinta ya kawo ta Dubai tun garin bai wuce bakin ruwa da 'yan kantuna ba, ya buɗe shagon kayan mota, ya mutu ya bar wa ɗansu Antoni. Lokacin da ta shigo hannuna ta doshi tamanin, ƙugunta ya karye an yi aiki bai yi kyau ba, ga ciwon suga. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, ni ke yi mata allura safe da yamma, ni ke tura ta a keken guragu. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. Ba ta taɓa iya kiran sunana daidai ba, Rifka take cewa, kuma in shayi ya huce sai duk benen ya sani. Amma ba ta cin abinci sai ta tambaya ko na ci, in kuma muka yi faɗa da safe, kafin rana ta raba ta jawo karta ta ce in zo ta cinye ni.

A wancan lokacin Juma'a ce ranar hutu a Dubai, don haka ran Juma'a muke zuwa coci. In an tashi sai in wuce unguwar Satwa, ɗakin Saratu, 'yar Kagoro da ke gyaran ɗakuna a wani otal. Ɗakin yana bayan layin teloli, gado kan gado, kowace da labulenta, sauran matan 'yan Uganda ne da 'yan Kamaru. A can muke dafa gwate a ƙaramin murhun lantarki, mu yi Hausa har mu ƙoshi. A can ne kuma na fara ba da labarin cewa Mama Filomena ta tasa ɗanta a gaba sai ya kai ta Lisbon, babban birnin Fotugal, kafin ta mutu. Antoni ya yi ta kawo dalilai, ya ce tafiyar ta yi nisa, ya ce shago, ita kuma ta daina yi masa magana har ya gaji. Likita ya ce za ta iya, in dai mai kula da ita za ta bi ta. Haka aka karɓi fasfona aka kai neman biza, ba da daɗewa ba ta fito.

Saratu ta ajiye ludayi, ta rage murya, ko da yake ba mai jin Hausa a ɗakin sai mu biyu.

"Yaya Rifkatu, kin san abin da Allah ya yi miki kuwa? Mutane suna bi ta hamada, suna bi ta ruwa, wasu ba a sake jin labarinsu. Ke a jirgi za a kai ki, har da abinci a hanya. In kika dawo Dubai, khalas, shi ke nan, kada ki sake yi mini kukan makarantar Ishaku."

"To tsohuwar fa?"

"Ba ga ɗanta ba? Kafin ki juya sun ɗauko wata. Ke ce kike ganin ba za ta rayu ba sai da ke."

Baba Yakubu yana Lisbon a lokacin, shekaru ke nan da tafiyarsa. Ban san ko Saratu ce ta kai masa labari ko Inna Laraba ba, sai ga wayarsa, ya ce wurin kwana ba matsala. Bayan shi sai kai, Ishaku. Ban manta muryarka ba a ranar. Tun rasuwar mahaifinka ban ji ka da irin wannan murnar ba. Ka ce Baba Yakubu ya ce in na zauna, da zarar takarduna sun fito zan iya ɗauko ku, ka yi karatun injiniya a can. Ban ce maka to ba, ban kuma ce a'a ba. Amma da na zo haɗa kaya, tafiyar da ba za ta kai mako ba, na sa zanen zumuntar matan coci, na sa Littafi Mai Tsarki na Hausa, na sa shaidar horon jinya da hoton mahaifinku. Ban gaya wa kaina na yanke shawara ba. Hannuna ne ya yi ta sa kayan.

Abin da ya fara kama ni a Lisbon iska ce. A Dubai daga sanyin na'ura sai zafin waje, ba tsakiya. A nan na buɗe tagar ɗakinmu sai iska mai sanyi ta shigo da ƙanshin ruwa, kamar safiyar Jos bayan an kwana ana ruwa. Garin kuwa a kan tuddai aka gina shi, daga hawa sai gangara, kuma duk hanyar ƙafa an shimfiɗe ta da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, an yi zane da su. Ga mai kallo abin sha'awa ne, ga mai tura keken guragu kuwa azaba. Haƙoran Mama Filomena suna ta haɗuwa, tana zagin wanda ya shimfiɗa duwatsun da yarensu, amma in na ce mu huta sai ta ce yalla, wato mu je, ba hutawa ta zo yi ba. Antoni yana biye da mu, waya a kunne, yana rigima da yaran shagonsa a kan kayan da ba su iso ba.

Akwai wasu ƙananan jiragen ƙasa masu ruwan ɗorawa da ke bi ta tsakiyar unguwanni, tarago ɗaya tak, kujerun katako. Antoni ya ɗauki hayar mota, amma ta ce sai ta shiga wannan. Ni da shi muka ciccibe ta, muka naɗe keken, mutane suka matsa mana. Jirgin yana hawa yana kuka, yana wucewa dab da gidaje, har in ka miƙa hannu sai ka cire rigar wani daga igiyar shanya. Bangayen gidajen an manna musu tayil mai shuɗi da fari, wasu da furanni, wasu da hoton jiragen ruwa. Muka sauka a wani wuri a sama inda ake hango garin gaba ɗaya, jajayen rufi suna gangarawa har bakin ruwa. Na ɗauka teku ce, aka ce kogi ne, a gaba kaɗan yake shiga tekun. Ga wata doguwar gada ja a can nesa. Na tsaya riƙe da keken, na ce a raina, to, wataƙila nan ne garina daga yanzu. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Washegari muka tafi wata unguwa a bakin ruwa inda akwai tsohuwar hasumiyar dutse, ƙafarta cikin ruwa. Mai yi wa baƙi bayani ya ce daga wannan gaɓar jiragen da suka je Afirka da Indiya suke tashi. Mama Filomena ta jawo hannuna ta ce, "Kin ji? Daga nan suka tashi suka je suka same mu, mu da ku." Kusa da wurin akwai wata babbar majami'a da aka sassaƙa duwatsunta kamar leshi. A ciki ta yi addu'arta irin ta Katolika, ni ma na yi tawa, kodayake ban san me zan roƙa ba. Da muka fito ta hango mutane sun yi layi suna sayen wani ɗan kek mai ƙwai da madara a tsakiya, da zafinsa. Na ce suga, ta ce ta ji. Antoni ya ce suga, ta ce ita ta haife shi ko shi ya haife ta? Ta cinye ɗaya, ta sa aka saya mini biyu don in yi shiru. Da yamma na gwada jininta na ga abin da na gani, na yi mata faɗa, tana ta dariya.

A yammacin ranar, da ta kwanta hutawa, na nemi izini na fita na sadu da Baba Yakubu a wani babban fili da ke fuskantar kogin, gine-gine masu ruwan ɗorawa sun kewaye shi. Na wuce shi ban gane shi ba. Ya shimfiɗa wani ƙyalle a ƙasa ya jera tabarau, an ɗaura igiya a kusurwoyin ƙyallen, igiyar tana hannunsa, don in ya hango 'yan sanda ya ja sau ɗaya ya saɓa a kafaɗa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, amma dariyar tana nan.

"Matarmu, yau ke ce a Lisbon? Ashe Dubai ta karɓe ki, har kin yi kumatu."

"Kai kuma Turai ta cinye naka."

Ya naɗe kayan muka zauna a kan matakalar da ke gangarawa cikin ruwa. Na ɗauka zancen tsari zai fara, sai ya fara da kakarku, mahaifiyarsa. Kun san ta rasu yana can, ni kuma rasuwar ta zo daidai da hutuna, na halarci jana'izar. Ya tambaye ni wa ya riƙe gaban akwatin. Ya tambayi wace waƙa aka yi a bakin kabari, ko an binne ta kusa da babansu ko ta wajen mangwaro, ko ruwa ya sauka ranar. Ina ba shi amsa yana gyaɗa kai yana kallon ruwa. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton Godiya, 'yarsa, wadda ya bar matarsa Asabe da cikinta. Ya tambaye ni ko da gaske tana da wushirya irin tasa, domin a hoto ba ta buɗe baki.

Daga nan ya shiga maganar da ta kawo ni, kuma bai yi mini ƙarya ba.

"Farkon da wuya, matarmu. In kin zauna, ba fita daga ƙasar, domin in kin fita ba dawowa. Amma ku mata kuna samun aiki da wuri, tsofaffi sun yi yawa a garin nan, ba mai kula da su. In kika yi haƙuri takarda za ta fito."

"Shekara nawa?"

"Ya danganta. Wasu ba su daɗewa. Tawa dai tana hanya."

Ya ce ranar da za mu tashi, in ana haɗa kaya, in fita kamar zan sayo ruwa. Tashar jirgin ƙasa tana bayan otal ɗinmu, zai jira ni a bakin ƙofa. Na ce to.

Ana gobe za mu koma, Mama Filomena ta ce wa Antoni ya je ya yi sayayyarsa, ita da ni za mu fita. Ta gaya wa direba sunan wani layi, ba ta duba komai ba, a kanta yake. Motar ta kai mu inda za ta iya a cikin tsohuwar unguwa, sauran na tura. Lunguna ne matsattsu, wani wurin sai in juya keken in ja shi da baya a kan matakala. Ana gasa kifi a ƙofar wani gida, hayaƙi ya cika lungun. Da muka ga sunan layin a jikin bango ta ce in tsaya. Gajeren layi ne, fentin gidajen ya ɓare, an shanya zannuwan gado a sama, wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana kallonmu, kyanwa na kwance a kan dakali. Na ja birki na tsaya a bayanta. 

"Wannan ne ke nan," in ji ta. "Layinmu na Goa ya fi shi faɗi."

A nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba duk zamana da ita. Tana ƙarama mahaifinta ya shiga jirgin ruwa ya taho Lisbon aiki a kantin magani, ya ce in ya zauna zai aiko a kawo su. Abin da ta riƙe nasa shi ne farar rigarsa da yadda yake ɗora ta a wuya su je bakin teku. Bai aiko ba, bai kuma dawo ba. Daga baya suka ji ya yi wani aure, daga baya kuma suka ji ya mutu. Sunan layin a bakin mahaifiyarta ta haddace shi, domin har matar ta tsufa tana ambatonsa. Ba ta ma san wane gida ba ne a ciki.

"Duk rayuwata ina tsammanin wani wuri ne na musamman, tunda har ya fi mu," in ji ta, ta yi 'yar dariya. "Ba mugu ba ne, Rifka. Ina jin kullum cewa yake sai baɗi."

Na ce mu tafi, iska ta fara yi mata yawa. Ta ce in zagayo gabanta tukuna. Na zagayo na tsuguna kamar zan gyara mata bargo.

"Na ga zanen cocinki a jaka. Ba a ɗaukar wannan zanen don tafiyar kwana kaɗan."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Fasfonki na karɓe shi daga wurin Antoni, yana aljihun gefen jakata. In za ki tafi, ki yi mini allurar safe tukuna, shi hannunsa rawa yake. Ba zan ce na ga komai ba. Kina da yara, na sani. Yalla, tura ni, ina jin yunwa."

Har yau ban sani ba ko don ni ta kai ni layin nan, ko don kanta. Na fi zaton don kanta ne, domin ta riga ta nace da tafiyar tun kafin in san zan bi ta. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Muka ci gasasshen kifi a nan lungun, na cire mata ƙaya, ta yi ƙorafi cewa ba yaji.

Da safe na yi mata wanka, na yi mata allura, na sa mata rigar tafiya. Na buɗe aljihun jakarta na ɗauki fasfona, tana kallon taga kamar akwai abin gani. Na ce wa Antoni zan sayo ruwa. Na ɗauki ƙaramar jakata na sauka. Ina so ku gane wannan: lokacin da na fita ƙofar otal ɗin ban san abin da zan yi ba. Ina tafiya a kan duwatsun nan, ba keke a gabana, hannuwana sun rasa abin riƙewa. Na tuna da kai, Ishaku, da muryarka a waya. Na tuna da ke, Hannatu, a lokacin ko ƙirjin kirki ba ki fara ba, na ce in na zauna, ranar da zan sake ganinki wataƙila da goyo a bayanki. A Dubai aikin ba ya kai ni ko'ina, amma in hutu ya zo ina shiga jirgi in zo in taɓa ku. Na hango Baba Yakubu a bakin tashar, ya sa rigarsa mai kyau saboda ni, sai na ji a jikina ba zan iya zama in tambayi wani wace waƙa aka yi ba.

"Ba zan zauna ba, Yakubu."

Ya kalle ni, ya kalli jakar da ke hannuna.

"Saboda tsohuwar?"

"Har da ita. Amma ba ita kaɗai ba."

"Matarmu, irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Yaron nan Ishaku yana da kai. Me za ki ce masa?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya yi fushi, ya ce ya riga ya roƙi wata mata 'yar Gini ta ba ni gado, ya ce mu mutanen gida tsoro ne ke kashe mu. Na bar shi ya gama. Sannan ya ce in jira shi, ya shiga wani kanti a gefen tashar, ya fito da leda. Rigar sanyi ce ta yara, ja, mai hula, da ɗan zanen jirgin ruwa a ƙirji.

"Ki kai wa Godiya da hannunki. Jos da sanyi."

Da na koma, Antoni yana safa da marwa a ƙasan otal, motar filin jirgi ta iso. Ya ce ina ruwan? Na ce ban samu ba. Mama Filomena tana zaune a kekenta, jaka a cinya. Na miƙa mata fasfon a ɓoye, ta ture hannuna, ta ce daga yau in riƙe abina.

Abin da ya biyo baya kun san yawancinsa. Saratu ta ga na shigo ɗakinta ran Juma'a, ta kalle ni ta ce, "Allah ya ba ki lafiya," ta ci gaba da yankan alayyafo. Kai Ishaku ka daina ɗaukar wayata har damina ta wuce. Karatun injiniya bai samu ba, ka ƙare a koyon aikin wayar lantarki a hannun wani, kuma ko da yake yau kana ci da iyalinka da shi, na san ba abin da ka so ke nan ba. Mama Filomena ba ta yi shekara biyu bayan nan ba, ta rasu, a hannuna, da rana tsaka, ana cikin kiran sallar azahar a masallacin bayan gidan. Aiki ya ƙare, na yi watanni ina kwana a ƙasan gadon Saratu kafin in samu shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Muraqqabat, inda na zauna har ƙarfina ya ƙare. Saratu kuwa da tata damar ta zo ba ta tsaya tunani ba. Ta sha wuya, amma takardunta sun fito, ta kwashe 'ya'yanta, kuma benen da kuke wucewa a hanyar coci nata ne. Da na zauna, mai yiwuwa da ku ne a can. Ban taɓa musun wannan ba, kuma ba na so ku ɗauka ban san abin da na hana ku ba.

Kirsimetin shekarar da muka je Lisbon na zo gida. Kai Ishaku ka zo tarye ni a tasha saboda Inna Laraba ta tilasta ka, ka ɗauki akwatina ba ka ce mini komai ba sai sannu da hanya. Washegari na ce Hannatu ta raka ni gidan Asabe. Muka same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ta ƙwala wa Godiya kira. Yarinyar da ta fito ta kusa kai mini kafaɗa, doguwa kamar ubanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi murmushi, na ga wushiryar. Na ba ta ledar na ce daga babanta. Ta ciro rigar da murna, ta zura hannu ɗaya, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Ta gwada ɗayan, kafaɗar ta ƙi shiga. Ta tsaya da rabin riga a jiki tana kallon uwarta.

Asabe ta kakkaɓe garin hannunta, ta cire mata rigar a hankali, ta ninke ta, ta mayar cikin ledar.

"Yaya, in ya kira, ki ce masa ta yi mata daidai."

Da yamma Baba Yakubu ya kira, ya tambaya tun kafin ya gaishe ni. Abin da na gaya masa ke nan.